Zama Takwas a Kan Tabarma

Mata tara na gayyata ranar da za mu fara, amma sama da ashirin na tarar a tsakar gidan. Labari ya riga ya zaga cewa wata malama ta zo da takarda da biro, kuma a wurin wanda 'yan bindiga suka raba da gidansa, takarda da biro rajistar tallafi ce. Sai da na tsaya na ce musu ban zo da masara ba, ban zo da ko sisi ba. Zama ne za mu riƙa yi sau ɗaya a mako, mu yi magana a kan abin da ke hana mu barci. Da yawa suka kakkaɓe zani suka tafi, ban kuwa ga laifinsu ba.

Matan daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana suka gudo cikin Katsina, wasu a kangaye suke kwana, wasu sun raɓe a gidajen dangi. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, an ba mu horo a kan tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 domin masu ciwon damuwa: mutum shida zuwa goma a rukuni, zama takwas, kowane zama kamar awa ɗaya da rabi. Tsarin ya ce ciwon damuwa yakan taso ne daga ɗayan abu huɗu: rasuwar makusanci, saɓani da wani, sauyin rayuwa, ko kaɗaici. Kusan kowace mace a cikinsu duka huɗun take ɗauke da su.

Kafin a haɗa rukuni, ana fara ganawa da kowacce ita kaɗai. Wannan ganawar na yi wa gaggawa, kuma na ga sakamakonsa. Na saka wata dattijuwa da matar ɗanta wuri ɗaya, don na ga gidansu ɗaya, za su riƙa tahowa tare. Zama biyu yarinyar ba ta ɗago kai ba, sai wasa take da gefen hijabinta. To, wace matar ɗa ce za ta buɗe baki a gaban surukarta ta ce tana kewar mijinta? Na mayar da ita wani rukunin. Tun daga nan ba na haɗa mutane sai na bincika wa ke surukar wa, wa ke kishiyar wa, wa ke bin wa bashi.

A zaman farko an kawo mini kujerar roba, na ce a mayar. Duk wadda ta hau kujera ta zama malama, sauran sun zama ɗalibai, ido zai koma kanta. Muka zauna a tabarma, kowa na ganin fuskar kowa. Muka ƙulla alkawari cewa abin da aka faɗa a nan amana ne, kuma kowacce ta furta da bakinta. Na kuma gaya musu iyakar amanar tun da wuri: idan na ji ran wata na cikin haɗari, ba zan yi shiru ba.

Duk da na sauka daga kujera, malantar ba ta sauka daga kaina ba. Da mace ta fara magana muryarta ta soma rawa, sai in tare ta: “Sai haƙuri, Yaya, kowa da irin jarrabawarsa.” Sauran su amsa, “Sai haƙuri,” ita kuma ta share hawaye ta ce ba komai. Ina ganin ai na yi aiki. Mai duba aikinmu ce ta zauna a zama na uku, da aka tashi ta tambaye ni a hankali wa ya fi kowa magana yau. Ni ce. Ta ce haƙuri gaskiya ne, kuma matan nan sun fi mu saninsa, amma idan aka yi saurin faɗarsa sai ya zama murfi, a rufe tukunya tana tsaka da tafasa. Ta ce in koyi jure shiru.

Ban taɓa sanin shiru na da nauyi haka ba sai a zama na huɗu. Akwai wata da kowa ke kira Inna, za ta kai shekara hamsin, ba ta cika magana ba. Ranar tana kallon tafin hannunta ta ce, “Wancan yaron, ni na aike shi gona ranar.” Ba ta ambaci sunansa ba, domin ɗan fari ne. Alkunyar da ta hana ta kiran sunansa yana raye, ita ta hana ta yin kukansa a gaban mutane bayan ya rasu. Fiye da shekara tana haɗiye wannan maganar. Kalmar haƙuri ta zo mini har baki, na danne ta. Ana jin kukan tsaki a bayan katanga, wata na jijjiga goyonta, ba wanda ya ce uffan. Can sai wata daga ɗaya gefen tabarmar ta ce, “Inna, ni ma ni na ce wa maigidan ya koma ya koro awakin.” Suka dubi juna. Inna ta fashe da kuka, ta kusa da ita ta dafa kafaɗarta, kuma a karon farko ba wadda ta ce mata ta yi shiru.

Da ni na ce wa Inna ba laifinta ba ne, da ta ce na gode kawai. Daga bakin wadda ke ɗauke da irin kayanta maganar ta shiga. Masana sun daɗe da lura da haka. Tun a 1905 wani likita a Boston ta Amurka, Joseph Pratt, ya riƙa tara masu tarin fuka yana koya musu kula da kansu, sai ya ga haɗuwar tasu ma tana ƙarfafa musu gwiwa. A 1970 wani likitan ƙwaƙwalwa, Irvin Yalom, ya jera abubuwan da ke kawo sauƙi a zaman rukuni, a ciki har da mutum ya gane ba shi kaɗai ba ne. Na san wannan a takarda, amma a fuskar Inna na gan shi.

Ba kullum ake tashi lafiya ba. Akwai wadda in ta kama magana ba ta saki, na koyi ce mata, “Mun ji ki, Yaya, bari mu ji ko wata ta taɓa shiga irin wannan.” An taɓa jin maganar rukuni a bakin famfo, muka cinye rabin zama muna gyara amana, kuma gara da aka yi ta a fili. Wata kuma ta ce tana yawan tsayawa bakin rijiya tana tunanin da ta faɗa ta huta. Wannan ya wuce ƙarfin tabarma; da kaina na raka ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, ta ci gaba da zuwa zaman tana shan magani. Ni ma akwai ranakun da nake komawa gida in kasa cin abinci, sai na zauna da mai duba aikinmu na sauke nawa kayan.

Tun ranar farko na gaya musu zama takwas ne, na sake tuna musu a na shida, domin mutanen da aka raba da komai dare ɗaya bai kamata a sake yi musu rabuwar ba-zata ba. A zaman ƙarshe kowacce ta faɗi abin da ya canza da wanda bai canza ba. Wata ta fara suyar awara, wata ta koma gaisawa da maƙwabta, wata ta ce har yanzu ƙarar babur na faɗar mata da gaba. Suka tambaya ko za su iya ci gaba da haɗuwa ranar Alhamis bayan azahar ko ba na nan, na ce tabarmar ai tasu ce.

Da aka zo kan Inna, ba ta faɗi sunan ba, ban kuma sa rai za ta faɗa ba. Cewa ta yi wancan yaron ba ya fita da safe sai ya ci ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, kuma kullum sai ya rage mata loma biyu a gefen kwano.