17 ga Afrilu

Zafin bazara ya kai maƙura yau a Kaduna. Hadari ya haɗu ta gabas bayan la'asar, iska ta watsa shi, ko yayyafi ba a yi ba. Ga shi babu wuta, sai muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba ya kunna 'yar rediyonsa wadda ya ɗaure murfin batirinta da kyauron roba. A nan aka tuna mana cewa a rana irin ta yau ce, a 1983, Allah Ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa.

Baba ya rage muryar rediyon, ya yi masa addu'a, sannan ya dube ni. "'Yar nan, ku ba ku san haraji da jangali ba. Magidanci yakan kwana a daji don kada dogarai su same shi a gida." Ya ce da jam'iyyar Malam, PRP, ta ci gwamnan Kaduna a 1979, sabon gwamnan, Balarabe Musa, bai ɓata lokaci ba ya soke su. Majalisar da 'yan NPN suka fi yawa a cikinta ta tsige shi a 1981, kuma har yau idan Baba ya zo nan sai muryarsa ta canza.

Bayan isha'i na duba wayata in ga me kuma ranar ta ƙunsa. A 1946 sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Siriya. A 1970 'yan sama jannati uku na kumbon Apollo 13 suka sauka lafiya a tekun Fasifik, bayan tankin iskarsu ya fashe a hanyar zuwa duniyar wata. A 1975 mayaƙan Khmer Rouge suka shiga babban birnin Kambodiya, abin da ya biyo baya kuwa sai innalillahi.

Amma haihuwar wata mata ce ta hana ni ajiye wayar. An haifi Sirimavo Bandaranaike ran 17 ga Afrilu 1916, a ƙasar da yau ake kira Sri Lanka. A 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai, ta zama mace ta farko a duniya da ta riƙe muƙamin firaminista. A lokacin matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa, sai a 1979 suka yi zaɓen shugaban ƙasa. Malam na cikin waɗanda suka daɗe suna kiran a ba mata ikon jefa ƙuri'a tun zamanin tsohuwar jam'iyyarsa NEPU, ana zaginsa a kai, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana shan duka da ɗauri saboda shi wannan kiran. Da Malam zai sake tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1983, mace ya ɗauko mataimakiya, Bola Ogunbo. Ajali bai bari ya ga zaɓen ba.

Na karanta wa Baba wannan. Ya ce lallai gobe in gaya wa 'yan matan ajina, kuma in fara da Gambo, tunda ita tamu ce ta gida.