Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Amanar Kaka

Makon jiya na tsaya ne a inda maƙwabciyarmu Baturiya, wadda yarana ke kira Kaka, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce za a kwantar da ita a yi mata aikin zuciya, kuma ba ta da wanda za ta bar wa dabbarta sai mu. Abban yara bai so ba, amma tsohuwar nan ita ta nuna mini yadda ake shiga bas a Bradford lokacin da muka zo ban san gabas ba ban san yamma ba. Da wane bakin zan ce mata a'a?

Dabbar cincila ce. Ni ma sai a Ingila na fara ganinta. Kamanninta tsakanin zomo da kurege, manyan kunnuwa, jela mai gashi, nauyinta bai wuce rabin kilo da 'yan kai ba. Yara suka sa mata suna Toka saboda launinta, kuma sunan ya bi ta har Kaka ma ta koma kiranta haka. Ranar da aka kawo kejin, Kaka ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Asalinsu daga tsaunukan Andes ne a ƙasar Chile, wuri mai sanyi da bushewa. Saboda laushin gashinsu aka yi ta farautarsu har suka kusa ƙarewa, sai a 1923 wani injiniyan ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai guda 11 Kaliforniya, kuma daga nan kiwonsu ya bazu. Ba a yi musu wanka da ruwa, don gashin ya yi yawan da ba ya bushewa da wuri, sai a zuba musu wata ƙura mai laushi a kwano su yi ta birgima a ciki. Zafi kuwa shi ne ajalinsu, da ɗaki ya haura digiri 25 an fara shiga haɗari. Na ce a raina, wannan ko Jos aka kai ta sai an yi da gaske, balle Katsina a watan Afrilu. Toka ta marigayi mijin Kaka ce, ta haura shekara goma a gidan, kuma Kaka ta ce wasunsu kan kai ashirin.

Komai yana tafiya lafiya har daren 5 ga Nuwamba. A wannan dare ne Turawan Ingila ke tunawa da yunƙurin da aka yi a 1605 na tarwatsa majalisar dokokinsu, sai su kwana suna wasan wuta da harba abubuwan fashewa sama. Wani yaro a bayan layinmu ya harba wani da ya girgiza tagogi. Toka tana kan katako na can sama a kejin, keji ne dogo mai hawa-hawa da ya kusa kai tsayina, sai ta zabura ta yi tsalle. Ƙafarta ta baya ta maƙale a tsakanin wayoyin matakalar da ke ciki, jikin ya yi ƙasa, sannan ta suɓuce ta faɗo. Kukan da ta yi wani irin haushi ne siriri, ban taɓa jin ta yi shi ba.

Da na kai hannu zan ɗauke ta, sai ga dunƙulen gashi a tafina, ita kuma ta kuɓuce. Na ɗauka na yi mata wani sabon rauni ne, ashe haka Allah ya yi su, idan aka damƙe su a firgice sukan saki gashin su tsere. 'Yata ta fari ce ta miƙo tawul, muka lulluɓe ta a hankali muka sa a kwali. Ƙafar tana lilo.

Abban yara ya ce, "Mu bari zuwa safe mana, ƙila targaɗe ne."

Na ce, "Abban yara, kalli ƙafar nan da kyau. Wannan karaya ce."

A nan na san cewa a Ingila ba kowane likitan dabbobi ne ke karɓar irin wannan dabba ba. Yawancinsu kare da kyanwa suka sani. Sai da muka yi ta kira kafin muka sami asibitin dare mai likitar da ta saba da ƙananan dabbobi irin su zomo. Kuma ba kamar asibitin mutane ba, a nan babu kyauta, tun daga ƙofa ake gaya maka kuɗin ganin likita.

Likitar ta yi wa Toka allurar kashe zafi, aka ɗauki hoton ƙashi, ta kira mu ta nuna mana. Ƙashin ƙwauri ne ya karye, ba gida biyu kawai ba, ya farfashe, kuma wani tsini ya huda fata. Ta ce wannan ƙashin shi ne ya fi yawan karyewa a jikin cincila, don dogo ne siriri, babu naman kirki da ya rufe shi, kuma yawanci wayar keji ce ke jawowa. Ɗauri ba ya zama a wurin, ko an yi ma za ta cinye shi da haƙori. Saura abu uku: a yi aiki a sa ƙarfe, wanda da wuya ya riƙe a irin wannan farfashewa, ko a yanke ƙafar, ko a yi mata allurar mutuwa ta huta. Amma ta ce ba za ta yi ko ɗaya ba sai da amincewar mai dabbar.

Nan fa gardama ta tashi a mota. Mu a wurinmu, mara lafiya ba a kai masa mummunan labari. Mahaifinmu yana kwance aka yi rasuwar ƙaninsa, sai da ya miƙe aka sanar da shi. Abban yara ya ce matar da aka buɗe wa ƙirji shekaranjiya, ta yaya za a ce mata abin da mijinta ya bar mata ya karye? Ya yi gaskiya. Sai dai ni a ganina ɓoyewa tana da kyau ne idan babu abin da mutum zai yanke. A nan kuwa hukunci ake jira, kuma ba namu ba ne. Muka tsaya a tsakiya, na kira 'yar Kaka da ke Sikotilan da sassafe. Ba ta ɓata lokaci ba ta ce a yi allurar kawai, dabbar ta tsufa, kuɗin kuma ba nata ba ne da za ta zubar. Na ce to, amma ina roƙon ta tambayi mahaifiyarta tukuna.

Kafin azahar Kaka da kanta ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ki ce su yanke. Zan biya ki idan na fito." Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba har yau.

Inshorar dabbobi akwai ta a ƙasar, amma Kaka ba ta yi wa Toka ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin aikin ya kusa hayar gidanmu ta wata guda. Kwasar adashina da na karɓa a farkon watan, wadda na riga na yi wa Yaya alkawarin wani kaso a ciki na kuɗin makarantar 'ya'yanta, ita na kai.

Abin da ya ba ni mamaki, yankewar ba ita ce wahalar ba. Da za a sallame mu likitar ta ce mini ƙafa uku ba za ta hana cincila komai ba, abin da ke kashe su bayan aiki shi ne ƙin cin abinci. Hanjinsu dole ya yi ta aiki dare da rana. Idan zafin ciwo ya sa ta daina ci, hanjin sai ya tsaya, iska ta taru, ga shi ba sa iya amai, cikin ɗan lokaci sai a rasa ta. Shi ya sa ma ba a hana su abinci kafin aiki yadda ake hana mutum. Ta ba ni maganin kashe zafi na ruwa da ake aunawa daidai nauyinta, da wani garin ciyawa da ake damawa da ruwan ɗumi, da sirinji mara allura. Ta kuma ja kunnena kada in kuskura in ba ta maganin yara da ke gida, musamman amoksisilin, don yana kashe ƙwayoyin da ke narkar mata da abinci a hanji.

Ɗurar nan ita ce aikin. In naɗe ta a tawul kai kaɗai a waje, in riƙe ta a tsaye, ba a kwantar da ita rigingine kada ta shaƙe. In zura bakin sirinjin ta gefe, bayan dogayen haƙoranta masu ruwan lemo, in matsa ɗan kaɗan, in jira ta tauna ta haɗiye. Wani lokaci ta karɓa, wani lokaci ta turo da harshe ya zubo mata a haɓa, in goge da busasshen ƙyalle tunda ruwa ba ya taɓa ta. Bayan 'yan sa'o'i a sake. Da yake dare ne lokacin kuzarinsu, ta fi karɓa bayan isha'i da kuma kafin asuba, sai na haɗa da tashina na salla. Wani abin da Kaka ba ta gaya mini ba, macen cincila idan ranta ya ɓaci miƙewa take yi ta feso fitsari, kuma ba ta kuskure. Dole na ware zani guda na wannan aiki.

Muka cire duk katakan hawa da matakalar wayar, kejin ya koma bene ɗaya, aka shimfiɗa bargo mai laushi maimakon ɓarzar katako don kada ta shiga ɗinkin. Aka ɗauke kwanon ƙura sai ciwon ya rufe. Hita kuma aka rage ta a falo, a watan Nuwamba, Abban yara yana rubutun digirinsa sanye da rigar sanyi biyu yana hararar kejin. Ni kuma na zama mai ƙirga kashin dabba. Kowace safiya sai na duba bargon, in sun yi 'yan ƙanana busassu hankalina ya tashi, in sun yi yawa sun yi tsawo in ce alhamdu lillahi. 'Yata ce ta fara ganin ta ja zaren busasshiyar ciyawa da hannuwanta ta kai baki da kanta, ta rugo kicin tana ihu.

Wajen mako biyu aka koma, likita ta duba ɗinkin ta ce a mayar mata da ƙurarta. Birgimar farko ta tuntsure gefe, ta tashi ta gyara tsayuwa da jela ta sake. Kafin Kaka ta dawo gida tana zagaye falo a guje, sai ka lura sosai za ka ga da ƙafa uku take yi.

Inna, da na ba ta labari a waya, dariya ta yi ta yi, ta ce duk garin babu mai ɗori ne? Daga baya ta ce ai an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, don haka in ci gaba, da lada. Yaya kuwa ba ta yi dariya ba. Yarana ne suka yi suɓul da baka suna hira da nata, ta ji inda kuɗin adashin ya tafi. Saƙon murya ta aiko, ba sallama: "Ashe ɓeran Turawa ya fi 'ya'yana daraja a wurinki?" Na yi mata bayani cewa rance ne za a biya ni, ta ce shugaban makaranta bai san rance ba, ya riga ya koro su.

Kaka ta biya, amma sai a Janairu, bayan an riga an yi jarrabawar zangon farko. Abin da ya biyo baya tsakanina da Yaya, da yadda maganar ta kai gaban Kawu, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.