Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gonar Bayan Ɗaki a Agege

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda na ajiye turin baro na samu teburi a bakin titi, na kuma ɗauko iyalina daga gida muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya a Agege. Yau zancen noma zan yi muku, ko da yake gonar tawa duka-duka ba ta fi faɗin tabarma uku ba.

Kamar yadda kuka sani, kayan marmari nake sayarwa. Da asuba nake sammako zuwa kasuwar Ikosi da ke Ketu, inda motoci ke sauke lemo da kankana da ayaba da abarba. Abarbar da ke shigowa Legas iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta gida, mai ƙiba, cikinta ruwan ɗorawa, ga ruwa ga ɗan tsami-tsami, wadda ake kawowa daga wajajen Edo da Delta da Ogun. Akwai kuma wadda muke kira 'yar Kwatano, doguwa mai tsini sama, bayanta kore ko da ta nuna, cikinta fari-fari, zaƙi zalla. Daga Jamhuriyar Benin take zuwa ta kan iyakar Seme, kuma ita mutanen Legas suka fi tambaya.

A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. 'Yar Kwatano ta yi wuya, wadda ta samu ta sulalo kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mai sayen yanka ɗaya. Ina cikin wannan ƙorafi wata rana da yamma, ina juye shara a bakin ƙofa, sai Mama mai gidanmu ta leƙo. Tsohuwa ce Bayarbiya, 'yar manoma, kuma tana jin Hausa rangaɗaɗau kamar wasu tsofaffin Agege. Ta dubi kawunan abarbar da ke cikin sharar ta ce, "Malam, kana kukan babu kaya, ga shi kana zubar da irin."

Na ce, "Mama, wane iri kuma? Ai ganye ne."

Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta fara fizge ƙananan ganyayen gindinsa ɗaya bayan ɗaya har tsawon gaɓar yatsa biyu ya fito tsirara. Ta miƙo mini ta ce in duba da kyau. Wallahi sai ga 'yan ƙananan saiwoyi masu launin ƙasa a naɗe a jikin gindin, suna nan tun abarbar tana gona. Shekara da shekaru ina riƙe wannan abu a hannuna kullum, ban taɓa ɗaga ganyen na leƙa ba.

Ita ta koya mini sauran. Murɗe kan ake yi, ba yankewa ba, don kada tsokar abarbar ta biyo shi ta ruɓe. A ajiye shi a inuwa 'yan kwanaki har wurin ya bushe, sannan a dasa. Ta ce abin da ke kashe abarba a Legas ba ƙishirwa ba ne, ruwa ne, don saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa ko kaɗan. Bayan ɗakinmu kuwa da an yi ruwan awa guda kwata take cika ta malalo. Sai na nemo tsofaffin jarkokin man gyaɗa masu lita 25, na yanke su, na huhhuda gindinsu da ƙusa mai zafi. Na haɗa yashi da baƙar ƙasa da kashin kaji wanda ya riga ya ruɓe, na ɗora kowace jarka a kan bulo biyu a jikin katangar da rana ta fi daɗewa a kai.

Kawu, wanda ya kawo ni Legas, tsohon ɗan kasuwar goro ne, ya fi shekara arba'in a Agege amma har gobe jakarsa a ɗaure take, kullum cewa yake bana zai koma gida. Da ya zo ya ga jarkokin sai ya tambaya yaushe za a ci. Mama ta ce shekara biyu, ko ƙasa da haka kaɗan in Allah ya taimaka. Ya yi dariya har da tafa hannu. "Kai yaro, gero wata uku ya isa yanka. Mutumin da ya zo ci-rani, a gidan haya, ya shuka abin shekara biyu? Ka san inda za ka kwana baɗi?" Ban ba shi amsa ba, don ba a musu da kawu, amma maganar ta tsaya mini a rai. Mu da muka zo daga Arewa ba mu cika dasa komai a garin nan ba, ko bishiyar inuwa, ko mun haifi 'ya'ya sun yi aure a nan.

Watannin farko babu abin gani. Ganyayen waje suka bushe, har matata ta ce, "Maigida, in zubar da ƙasar nan in samu wurin shanya?" Alamar rai a tsakiya take. Muddin ganyen tsakiya kore ne, kuma in ka ɗan ja shi ka ji ya riƙe, to ta kama.

A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Legas saboda korona, teburi ya tsaya, na koma zaman gida. A lokacin ne na san shukar nan da gaske. Ganyenta kwarin-kwarin ne, raɓa ko yayyafi ya sauka sai ya gangara ya taru a tsakiya, shi ya sa da rani sai ta yi mako ba a ba ta ruwa ba kuma ko a jikinta. 'Yar Kwatano ƙaya ce jere a gefen ganyenta, ƙaramin ɗana ya sha karce kafin ya koyi zagaye ta. Ta gida kuwa ganyenta sumul, sai 'yar ƙaya a can bakin. Na kuma lura in kiyashi suka fara sintiri a gindin, to akwai wasu fararen ƙwari masu gari-gari a jiki da suka laɓe tsakanin ganyaye suna tsotso, kiyashin ne ke kiwonsu. In aka bar su sai ganye ya yi ja ya yanƙwane. Ruwan sabulu da na ganyen darbejiya nake zuba musu. Ruwan Yuni da Yuli ya ci mini biyu. Ka ja ganyen tsakiya ya zare salin-alin, ga wari.

Wani maƙwabcina mai walda ya ce in jefa ɗan gutsuren kabaid, sinadarin nan da masu walda ke haɗa gas da shi, a tsakiyarta in zuba ruwa, wai haka manoma ke yi don gona ta yi fure lokaci guda. Gaskiya ne ana yi, kuma tana fure bayan 'yan makonni. Sai dai Mama ta ce in aka matsa wa shukar da ba ta gama girma ba, ɗan da za ta ba ka bai fi dunƙulen hannu ba. Ga yara a tsakar gida. Na bar ta da lokacinta.

Bayan hunturu, a farkon 2021, matata ce ta fara gani. Tsakiyar babbar cikinsu ta yi ja wur, bayan kwanaki wani ɗan curi ya ɗago kai. Daga nan ƙananan furanni masu shuɗi-shuɗi suka riƙa buɗewa daga ƙasa suna hawa sama, layi bayan layi. Kowane ido da kuke gani a jikin abarba, wanda nake ƙwaƙulewa da wuƙa kullum, fure guda ne a da. Daga fure zuwa nuna wata biyar ne zuwa shida, kuma a nan ne ɓerayen Legas suka shigo maganar. Sai da na yi mata keji da ragar waya, na kafa sanda na ɗaure ta don kada nauyi ya karya ta.

Abin dariya, tun Disambar 2020 an buɗe iyakar Seme, 'yar Kwatano ta dawo ta cika Ketu, tawa ko fure ba ta yi ba tukuna. In don riba ne, kawu ya yi gaskiya.

Ta nuna ana gobe Babbar Sallah, a watan Yuli. Ƙamshinta ne ya sanar da mu, don bayanta na nan kore, idanun ne kawai suka baje. Abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta, ta kasuwa kuwa da sauranta ake cire ta don ta jure hanya, saboda haka ni mai sayar da ita ban taɓa cin wadda ta nuna a kan uwarta ba sai ranar. Ba ta kai ta kasuwa girma ba. Na fere ta bayan an gama aikin nama, na aika wa Mama kashi mafi tsoka, na kai wa kawu nasa da kaina. Ya ci, ya lashe yatsa, ya ce, "To, ka zama ɗan Legas ke nan. Akwai saura?"

Uwar sau ɗaya take haihuwa, amma kafin ta bushe ta fitar da 'ya'ya a gindinta, su kuma sun fi kai saurin yi, shekara da 'yan watanni. Na ɓalle su na ƙara jarkoki, har maƙwabta suka fara roƙon iri.

Ba a yi wata biyu ba Mama ta kwanta rashin lafiya, 'ya'yanta suka ɗauke ta zuwa wurinsu. Wata Asabar da safe babban ɗanta ya zo tare da wani mutum mai igiyar awo, suka zagaya gidan har bayan ɗakina, ya bar wa kowane ɗan haya takarda. Abin da ke cikin takardar, da yadda muka kwashe da jarkokin abarba a mota ɗaya da katifa, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.