Wasiƙar da ba ta yi mini alkawarin komai ba

Sana'ata tattara bayanai ce. Ƙungiyoyi su ba ni kwangila, ni kuma in ɗebi matasa mu shiga ƙauyuka da wayoyi muna yi wa jama'a tambayoyi. Wata ƙungiya mai hedikwata a Ingila ta ba mu irin wannan aiki, muka yi, suka yaba. Ana dab da cikar wa'adi sai ga imel daga jami'ar da ke kula da mu, kuma jimlar da ta ja mini asara ita ce: "An extension may be considered, and the team should be retained where possible."

Abin da idona ya karanta shi ne za a ƙara wa'adi, a riƙe yara. A makon na sabunta hayar ofis, na biya kuɗin shekara a dunƙule yadda masu gida suke so. Na tara yaran na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Akwai wata a cikinsu da wata makarantar kuɗi ta kira aikin koyarwa, ta same ni ta ce, "Malam, in karɓa ko in haƙura?" Na ce ta haƙura, ai aiki na nan tafe.

Bayan 'yan makonni wasiƙa ta biyu ta iso: "It has been decided that the project will not be continued." An yanke shawara ke nan. Wa ya yanke? Jami'ar ce, ko shugabanta, ko masu ba su kuɗi? Jimlar ba ta da mai ita. Da na kira ta a waya, cikin ladabi da taushin murya ta nuna mini cewa babu inda aka taɓa yi mini alkawari.

Raina a ɓace na kai wa wani abokina lauya takardun biyu, ina ganin ko kuɗin haya zan iya ƙwatowa. Ya karanta ta farkon, ya turo mini wayar gabana ya ce, "Alhaji, ɗora yatsanka a kan inda aka ce za a yi." Na ɗora a kan "extension". Ya ce in ci gaba. Nan ya warware mini jimlar ɗaya bayan ɗaya. "May" a bakinsu zaɓi ne, sun ga dama su yi, sun ga dama su bari. Abin da ma zai yiwu ɗin ba ƙarin wa'adin ba ne, dubawa ce kawai, wato "considered". Mai dubawar kuma ba a ambace shi ba, domin an juya jimlar an ɓoye mai aikatawa. "Should" shawara ce, ba umarni ba, sannan aka toshe ta da "where possible". Ƙofar fita biyar a layi ɗaya, ni kuwa ban ga ko guda ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba Turanci ne ban iya ba. Na ci shi a jarrabawar WAEC, da shi nake rubuta rahoto kullum. Amma ka tuna yadda aka koya mana. "May" a firamare neman izini ne: ka tsaya a bakin aji ka ce "May I come in, sir?" Juya jimla kuwa atisaye ne na cin maki, a ba ka "Musa kicked the ball" ka mayar da ita "The ball was kicked by Musa". Babu malamin da ya ce mana ana iya yar da "by Musa" gaba ɗaya, alhali mafi yawan irin waɗannan jimloli a Turanci haka suke zuwa, babu mai aikatawa. 'Yan siyasarsu sun daɗe da gane amfanin haka. A watan Janairun 1987, lokacin da badaƙalar sayar wa Iran makamai ta taso shugaban Amurka na lokacin, Ronald Reagan, a gaba, abin da ya faɗa wa majalisar Amurka shi ne an tafka manyan kurakurai, "mistakes were made". Bai ce shi ya tafka ba, bai kuma ce wane ne ba.

Kuma fa mu ma muna da kayan nan a gida. Yaro ya fasa kofi ya zo ya ce "an fasa kofi". Ka je neman alfarma wajen babba ya ce maka "to, ma duba". Da a ce da Hausa matar nan ta ce mini "ma duba", wallahi ko sisi ba zan kai wa mai gida ba, domin na san inda maganar ta dosa. Da ya zo da Turanci, a kan takarda mai tambari, sai kunnen nawa ya toshe.

Tun daga nan nake karanta wasiƙar aiki da biro a hannu. Ƙananan kalmomin nan tara ne: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. Duk inda na ga ɗaya sai na zagaye ta. "Will" da "must" ne kaɗai nake ɗora kuɗi a kansu, su ma sai in ga sunan wanda zai yi da ranar da zai yi. "Should" ita ce ta fi yaudarar Bahaushe, saboda "ya kamata" muka sani. Idan akanta ya rubuto cewa "payment should reach you by Friday", ba cewa ya yi wajibi ne kuɗin su zo ba, tsammaninsa ya faɗa maka. Injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet sai da suka fitar da takarda ta musamman a 1997, mai lamba RFC 2119, don fayyace wannan: MUST dole ne, SHOULD ana iya kauce masa idan akwai dalili mai ƙarfi, MAY kuwa ganin dama ne. Idan masu harshen sai da suka rubuta wa junansu haka, ina ga mu.

Ba na cewa duk mai sassauta magana mayaudari ne. Ni kaina idan na yi wa gidaje 'yan ɗaruruwa tambayoyi, ba zan rubuta cewa nisan rijiya ne ya hana yara mata zuwa makaranta ba. "May be linked" zan rubuta, domin iyakar abin da bayanan suka nuna ke nan. Wannan sassauci ne a kan abin da mutum bai tabbatar ba. Wanda ya cuce ni sassauci ne a kan wanda zai ɗauki nauyi, kuma da kalmomi iri ɗaya ake yin su, shi ya sa rarrabewar ke da wuya. Ina ma kyautata zaton jami'ar nan a ganinta gaskiya ta faɗa mini ƙarara. Ni dai hayar shekara ta tafi, yarinyar nan kuma ta rasa aikin koyarwa saboda maganata, abin da har yau nake jin nauyinsa idan mun haɗu.

Yanzu idan irin wannan saƙo ya zo, sai in sake gina jimlar da kaina in mayar musu: ku tabbatar mini cewa ofishinku zai ƙara wa'adi, da "will", zuwa rana kaza, kuma wane ne zai sa hannu. Idan amsa ta dawo da "we hope" ko "subject to funding", a'a nake ɗaukarta, in kuma gaya wa yara duk wanda ya samu wani aiki ya kama. Lauyan nan ya kuma sa mini sharaɗi a kwangila cewa dole a ba ni sanarwar wata biyu kafin a rufe aiki, ya rubuta shi da "must" maimakon "shall", domin a cewarsa lauyoyi sun sha jayayya a kotu kan ko "shall" wajibi take nufi a kowane wuri. Wata ƙungiya ta ƙi amincewa da sharaɗin. Na karɓi aikin nata duk da haka, amma ofis wata-wata nake biya.