Da Alfiyya a kaina na kasa sayen burodi

Ranar da na sauka Khartum, a ƙarshen shekarar 2014, ban ɗauki kaina baƙo ba ta wajen harshe. Ina dalili? Na sauke Alƙur'ani da ƙuruciya, na karanta Ajuruma a zaure har sau biyu, na haddace fiye da rabin baitocin Alfiyyar Ibnu Malik, duka biyun littattafan nahawun Larabci ne. A unguwarmu a Kano, idan wani Balarabe ya ɓullo masallaci, ni ake turawa gaba in gaishe shi, jama'a na bayana suna gyaɗa kai. Da zan taho, 'yan'uwa sun yi ta addu'ar Allah ya sa in saba da abinci da zafin ƙasar. Babu wanda ya tuna ya haɗa da harshe, ni ma ban tuna ba.

Washegari da safe na shiga wani ɗan kanti kusa da masaukinmu. Na gyara tsayuwa, na yi sallama, na ce wa mai kantin, “Uridu khubzan min fadlika,” wato ina son burodi don Allah, kowane wasali a mazauninsa, tanwinin nan ya fita tas. Mutumin ya dube ni, ya dubi wani da ke zaune a kan buhun sukari, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Sadaƙallahul azim.” Suka tuntsire da dariya. Daga baya na gane ba dariyar wulaƙanci ba ce, amma a lokacin ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya natsa sai ya ce, “Dayir shinu ya zol? Esh?” A cikin kalmomin nan biyar “ya” kaɗai na sani, sai ta ƙarshen da na ji ta yi kama da “aish”, wato rayuwa. Na tsaya ina tunanin me ya haɗa mai kanti da rayuwata. Ashe sunan burodi ke nan. Da nuni muka ƙare cinikin, kamar bebaye biyu.

Kwana uku bayan haka na tsaya a bakin titi zan shiga gari. Motar haya ta tsaya, yaron mota, wanda su suke kira kumsari, ya leƙo yana “Arabi! Arabi! Arabi!” Na dubi fatar hannuna, na ja da baya. Ta biyu ta zo, shi ma haka. Sai da motoci uku suka wuce ni, raina duk ya ɓaci, sannan na lura wasu daga cikin masu shigar sun fi ni baƙi. Suƙ al-Arabi yake kira, kasuwar tsakiyar birni inda motoci ke sauke mutane a lokacin, kamar yadda namu ke cewa “Bata! Bata!” Baƙo ko da ido makaho ne, aka ce. Ni na ƙara da kurumta.

A aji abin da sauƙi, tunda da Fusha, Larabcin littafi, ake karantarwa. Wuyar tana zuwa ne idan malami ya gaji da karatu ya zame cikin darijiyya, Larabcin titi, ya ba da wani labari. 'Yan ƙasa su fashe da dariya, mu kuwa da 'yan Indonesiya mu yi ta yaƙe muna satar kallon juna, kowa na jiran a tashi ya tambayi abin da aka ce.

Wadda ta koya mini Larabcin da na rayu da shi wata mai shayi ce, daga cikin matan nan da ke kafa murhu da ƙananan kujeru a gindin bishiya a ko'ina cikin Khartum a lokacin. Khala nake kiranta, ita kuma “ya waladi”. Ba ta taɓa jin sunan Ibnu Malik ba, amma kunnenta ba ya yafiya. Ranar farko da na nemi shayi ta ce, “Kai kullum huɗuba kake yi?” A wajenta na gane cewa abin da na fi shan bulala a kansa, wato i'irabi, shi ne abu na farko da ake yarwa a titi. Babu mai sa rufu'a ko fataha a ƙarshen kalma, yanke ta ake yi a wuce. Ruwa ya zama moya, kuɗi gurush, yanzu hassi, “ina so” dayir, “mene ne” shinu. Duk abin da ta faɗa sai in rubuta a bayan littafina da ajami, domin boko ba ya kama sautin. Abin da ya fi saurin zauna mini sunayen abinci ne, don duk na san su tun a gida, riga kawai suka sake: karkade zoɓo ne, aradeb tsamiya, waika garin busasshiyar kuɓewa, lalob aduwa, nabag magarya, dom goruba, tabaldi kuwa bishiyar kuka. Cikina ya riga harshena zama ɗan gari.

Bakina ya fara sakewa cikin wata shida. Kunne ne ya ƙi. Kuma duk rikicin a kan harafi ɗaya ya taru, ƙaf. Mutumin Sudan “g” yake mai da shi: ƙala ya koma gal, alƙalami galam. To na saba da wannan, sai aka kawo mana wani malami Bamisire ɗan Alƙahira. Shi a bakinsa ƙaf ɓacewa yake yi gaba ɗaya, alƙalami ya zama 'alam, wanda ni kuma na sani da ma'anar raɗaɗi. “G” ɗinsa kuwa jim ne, raƙumi gamal, masallaci gami'. Ka ga ke nan sauti ɗaya, harafi biyu, sai ka san wanda ke magana kafin ka san abin da ya ce. Na yi makonni ina fassara maganar Bamisiren nan da kunnen Sudan, ina fito da kalmomin da babu su a kowane ƙamus. Sannan idan Basudane ya so ya gyara harshe a wajen taro, ƙaf ɗin nasa sai ya karkata wajen gain. Su da kansu suna barkwanci da haka duk ranar 1 ga Janairu, ranar da suka sami mulkin kai a 1956, domin istiƙlal, 'yanci, yakan fito kamar istiglal, ci da gumin wani.

Kada a ce su kaɗai ke lanƙwasa haruffa. Ni ma da nawa na je. Harafin da muke kira lodi a makarantar allo, wanda Larabawa ke alfahari da shi har suna kiran harshensu da sunansa, mu “l” muka mai da shi tun kaka da kakanni. Shi ya sa muke cewa alƙali, alwala, farilla, larura, Ramalan. Ban taɓa sanin akwai abin dubawa a nan ba sai ranar da aka tura ni limancin magariba a masaukinmu, na kai ƙarshen Fatiha, bayan sallama wani ɗan Yaman ya ja ni gefe cikin ladabi. Wata biyu na yi ina manna gefen harshe a turamen haƙora a gaban madubi. Har yau idan na yi sauri lodin zaure ne ke fitowa, kuma na daina jin kunyarsa kamar da.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ƙona mini rai. A Kano ina cikin masu yi wa mutum dariya idan ya ce “yarinya ya zo” ko “mota ya lalace”, mu ce gwaranci yake yi. Sai ga ni a Khartum ina mai da ƙofa mace da kujera mace, alhali bab da kursi maza ne a Larabci, ina mai da hannu da ido maza, alhali a can mata ne. Ƙa'idar na san ta sarai, da a takarda aka tambaye ni ba zan faɗi ba. Amma idan magana ta yi sauri Hausa ce ke riƙe da linzami. Yaran unguwa suka riƙa kwaikwayona, daidai yadda na riƙa kwaikwayon masu kantunan Sabon Gari.

A shekara ta biyu sai girman kai ya dawo ta wata ƙofa. Na fara wasan canke: in ji mutum ya yi jimla biyu in faɗi ƙasarsu. Alamomin ba su da yawa. “Me kake so” kaɗai ta isa: Bamisire zai ce ayiz e, mutumin Sham biddak shu, na Sudan dayir shinu. Lokacin mutanen Siriya sun cika Khartum saboda yaƙin ƙasarsu, sun buɗe gidajen abinci da yawa, don haka kunnena ya sami wajen gwaji. Na ci sau da dama, abokai suka fara kawo mini mutane kamar mai duba. Rannan a wani shagon gyaran waya na ji mai shagon na cewa gal, yana faɗin jim yadda na saba ji a Sudan, ga shi baƙi kamar ni. Na ce masa daga arewacin Sudan yake, wajen Dongola. Ya yi murmushi ya ce shi Bamisire ne daga Aswan. Ashe abin da nake kira Misiranci harshen Alƙahira ne kawai, mutanen kudancin Masar ƙaf ɗinsu “g” ne kamar na Sudan. Ɗan Yaman ɗin nan ya ƙara rikita ni, ya ce a ƙasarsu mutumin San'a ƙaf yake mayarwa “g”, na Adan kuwa jim yake mayarwa “g”. Na fahimci taswira na haddace, na ɗauka kowace ƙasa baki ɗaya gare ta, ni da na san tazarar da ke tsakanin Hausar Kano da ta Sakkwato.

Kalmomin ma ba su da amana. Esh ɗin da ya kunyata ni a kanti, a ƙauyukan Sudan dawa ce, a Kuwaiti shinkafa, a Cadi tuwo. Laban madara ce a Masar, a Sham kindirmo. Wadda ta fi ba ni dariya a wajen Umra ta same ni. Na koyi “Allah ya'ɗikal afiya” a bakin mutanen Sham, haka suke yi wa mai aiki sannu. Wani dattijo ɗan Maroko ya matsa mini wuri a sahu, na ɗauko ta na miƙa masa. Ya kama hannuna yana dariya, ya ce ya san nufina, amma a garinsu afiya wuta ce. Kalmar da muka aro muka yi “lafiya” da ita, muke gaisawa da ita dare da rana, ita na yi wa bawan Allah addu'ar wuta da ita a Harami.

Abokin ɗakina, ɗan Sinnar, shi ya rama mini ba da saninsa ba. Ya ce in koya masa Hausa. Na ce ya faɗi kuka ta miya da kuka na hawaye, ya rantse kalma ɗaya nake maimaitawa. Na gwada shi da wuya ta wahala da wuya na jiki, nan ma haka. Ni a kunnena bambancin kamar dare da rana, shi kuwa babu abin da yake ji, domin harshensa ba ya rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya. Akwai wani Basakkwace a ɗakin da ke kusa, idan muna gardama yana “mi kac ce” ina “me ka ce”, yana “tahi” ina “tafi”, abokin nan nawa cewa yake bakinmu ɗaya sak. Tun daga nan na daina zargin kaina da dakikanci. Kunne abin da ya tashi da shi yake ji, sauran sai an yi ta goga masa, kuma littafi ba ya yin wannan aikin. Zaman gindin bishiyar mai shayi ya yi mini abin da ƙamus bai yi ba, duk da dai ba don nahawun zaure ba da ban gane inda kalmomin titin suka samo asali da wuri haka ba.

Shi wannan aboki ne ya kai ni garinsu da babbar Sallah a shekarata ta uku, daga can muka gangara Mai Wurno, kudu da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Tun ina yaro nake jin sunan garin. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka zauna a nan, garin ya ɗauki sunansa. Na ƙudura a raina ba zan yi Hausa ba sai na ga ko za a gane ni. Jallabiyata fara, rawanina irin nasu, darijiyyata kuwa a lokacin har 'yan Khartum kan tambaye ni ko daga Darfur nake.

A kasuwa muka tsaya wajen wani tsoho mai agashe, naman nan mai ƙuli da yaji da Hausawa suka kai Sudan har sunan ya bi shi. Na taya, ya ƙi, na ƙara, muka yi ta ja da Larabci tsantsa, ina jin daɗin kaina. Ya naɗe naman a takarda, ya miƙo mini, sai ya ce da Hausa, “Yaro, mutanen gida suna lahiya?”

Na yi sororo. Na ce, “Baba, ta yaya ka gane?”

Ya ce, “Larabcinka ba laihi. Amma sau ukku ka ce ‘to’ kahin ka biya.”

Na ce ai ban ji na faɗa ba. Ya ce ba a ji. Sannan ya tambaye ni ko daga cikin birnin Kano nake ko daga waje, domin shi bai taɓa taka Najeriya ba, amma kakarsa ta gaya masa Kanawa ne ke cewa “ne” a inda mutane ke cewa “na”. Ya ƙara mini yanka biyu, ya ce in kai gaisuwa.