Sabon zuwa St Andrews: yadda ake samun shiga Tsohon Filin golf

A gida, golf wasan manya ne. A St Andrews, ƙaramin gari a gaɓar teku a gabashin Sikotland, filin na jama'a ne. Ranar Lahadi ma ba a wasa a Tsohon Fili, wato Old Course: mutanen gari ke cika shi da 'ya'yansu da karnukansu. Baƙon da ya tare, ya fara da wannan yawon na Lahadi, ya ga ramukan yashi da idonsa kafin ya biya ko fam ɗaya.

Ba a barin kowa ya buga a Tsohon Fili sai da shaidar handikaf, lambar da ke nuna gwanintar ɗan wasa (ta gwani ce ƙarama), kuma kada ta wuce 36. Ana samunta bayan an miƙa sakamakon ramuka 54, ta hanyar kulob ko manhajar OpenPlay ta Scottish Golf, hukumar golf ta Sikotland. Sabon hannu ya tara su a filayen garin masu sauƙi, Balgove mai ramuka 9 ko Strathtyrum, can ba mai tsananta masa.

Sai ƙuri'ar da ake raba lokutan wasa da ita. Mutum biyu zuwa huɗu ke shiga tare, kwana biyu kafin ranar wasa, kafin ƙarfe 2 na rana. Sakamako na fita da yamma. A watannin ɗumi faɗuwa ta fi ci yawa, kuɗin kuma ya haura fam 300. Mazaunin gari da ɗalibin jami'a suna da tikitin shekara mai rahusa, don haka a fara gyara takardun shaidar adireshi. Daga Nuwamba zuwa Maris farashi na sauka, sai dai a kan 'yar tabarmar roba ake bugu don kada ciyawa ta lalace, ga rana mai saurin faɗuwa.

A cikin fili, iska ce ke hukunci. Ƙwallon da aka ɗaga sama sai ta kwashe shi. A buga shi ƙasa-ƙasa ya gangara, tunda ƙasar tauri gare ta. A riƙa karkata hagu, domin ƙaya da iyakar fili galibi suna dama. Ramukan yashi 112 ne, da yawa ba a hango su daga wurin bugun farko, bangonsu a miƙe. Wanda ya faɗa, ya fita ta gefe ko ta baya. Taurin kai a nan bugu uku yake ci. Akwai dandali (shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ake jefa ƙwallo a rami) guda bakwai da ramuka biyu ke tarayya a kansu, sabon zuwa kan nufi tutar da ba tasa ba: fara ce a tafiya, wato ramuka tara na farko, ja a dawowa, ban da rami na 18 mai farar tuta.

A rami na 17, ta saman kusurwar wani otal ake bugawa, titi kuma na bayan dandali. Hoton Swilcan, 'yar gadar dutse da ke rami na 18, a ɗauke shi da sauri, na baya suna jira, zagayen kuma awa huɗu aka ƙiyasta masa.