Kafin ka sayi maganin feshi, juya ganyen dankalin ka duba

Bana shita, wato lokacin sanyi, ta shigo mana da raɓa sosai anan Kassala ta Sudan, kuma ɗan filin da na karɓa haya a sawagi, wato lambunan ban ruwa na gefen kogin Gash, wanda na zuba wa dankalin turawa, ya fara fitar da wani baƙin tabo a ganye. Maƙwabcina Baba mai albasa yana leƙowa yace "ɗana wannan lafha ce, maza ka nemo magani kafin ta cinye maka gona." Nace to Baba Allah ya ƙara girma, amma wace lafhar? Dan lafha, wato ciwon ƙunar ganye, biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Akwai ta farko da ake cewa mubakkira, ita daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, tabon a bushe yake ruwan ƙasa, in ka ƙura mai ido zaka ga zobe zobe a ciki wani cikin wani, gefen yayi rawaya. Tana son ɗumi da raɓa, tana kuma son shukar da yunwar taki ta kama ko ƙishirwa ta wahalar, wato dai irin yanayinmu. Tana rage amfani amma a hankali take tafiya, zaka samu lokacin yin tunani.

Ɗayar kuwa muta'akkira, Allah ya raba mu da ita. Tabonta jiƙaƙƙe ne kamar an watsa wa ganyen tafasasshen ruwa, yana yawan farawa daga baki ko gefen ganye ya faɗaɗa da sauri, karan ma yayi baƙi, in kuma ka zo da asuba ka juya ganyen zaka ga wata farar fumfuna a ƙasansa daidai gefen tabon. Sanyi take so da laima mai daɗewa, inda zafi bai wuce digiri 20 ba, in ta samu haka cikin sati ɗaya zuwa biyu ta kwantar da fili gaba ɗaya har wari yake. Ita ce ta shiga gonakin dankalin ƙasar Ayalan a 1845 mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtuka, wasu miliyan suka bar ƙasar, kaga ba abin wasa bace. Amma ranarmu ta Kassala bata cika barinta ta sake ba, wuri mai sanyi da hazo irin saman dutsen Jabal Marra na Darfur yafi dacewa da ita.

Nawa dai na juya ganye da sassafe babu fumfuna, zobban nan kuwa gasu ɓaro ɓaro, duk a ganyen ƙasa. Inaga ta farkon ce. Duk da haka na tsinke ganyen da suka kamu na zuba a buhu na fita dasu na ƙone, ba'a barinsu a bakin jadawal, wato hanyoyin ruwa, kuma ba'a sa su cikin taki. Na maida ban ruwa da safe, ta cikin kwari kawai kar ya taɓa ganye, na ƙara taki kaɗan sannan na ƙara huɗa ƙasa a gindi dan ya rufe 'ya'yan, saboda in ma muguwar ce ruwa ne ke wanke ta daga ganye ya kai ta ga dankalin dake kusa da sama.

Maganar feshi kuma, tun da yaƙin nan ya fara a 2023 kowa yasan yadda kuɗin magani ya koma, shi yasa nake jin haushin masu shagon da kana cewa tabo zasu miƙo maka maganin feshin da ake cewa Ridomil. Shi an yi shi ne musamman dan muta'akkira. Ga ta farkon mankozeb ko maganin jan ƙarfe ya wadatar, kuma su kariya suke yi, ganyen da ya riga ya mutu baya dawowa. A karanta takardar jikin maganin dan Allah, musamman kwanakin da za'a jira kafin a tona.

In da farar fumfunar na gani kuma ta bazu, yanke karan zanyi duka daga gindi in bar dankalin a ƙasa sati biyu fatarsa tayi ƙwari sannan in tona, duk wanda na ga jan ruɓa ƙarƙashin ɓawonsa bazai shiga buhu ba, balle a ajiye shi iri. Tumatir ɗin dake kusa ma ina dubawa kullum tunda dangi ɗaya ne, ciwo ɗaya ke kama su, kuma baɗi in Allah ya kaimu albasa ce zata hau wannan filin ba dankali ba.